Mai Busar da Ba a Buga Sunansa Ba

Ƙarar faɗuwarsa na ji ta saman kaina, na yar da ludayi na haura bene a guje. Na tarar da Baba Ozell, tsohon da ke haya a saman ɗakina, yashe tsakanin gado da garmaho, akwatin kiɗan nan nasa, allura tana ta kartar ƙarshen faifai.

Na ce bari in kira motar asibiti. Ya riƙe mini hannu, wai in bar bayin Allah su huta, masu sauran kwana sun cika Shikago. In dai jingina shi da gado, in mayar da allurar farko.

Duk layinmu an san faifan nan. A Memfis aka ɗauke shi tun kafin yaƙi, sunan mawaƙin kaɗai aka buga, mai busa hamonika, 'yar sarewar nan ta Turawa, kuwa ko oho. Kowa ya ɗauka Baba Ozell ne, tunda shi aka sani da busa a bakin kasuwa, shi kuma bai taɓa cewa e ko a'a ba. To ga wani Bature mai tara tsofaffin fayafayai zai sake buga shi, ya ce ran Litinin zai zo a tabbatar masa da sunan da zai sa.

"Lurline, 'yar nan, matso da kunnenki," in ji shi. "Bar busar. Saurari tsakaninta."

Na kasa kunne. Duk sanda mai busar ya ja iska, sai wani siririn fito ya biyo baya, kamar na butar shayi.

"Ƙirjina bai taɓa yin haka ba. Fukar Vernice ce, matata. Kusa da fiton nan na kwana har na tsufa."

"Haba Baba. Mama Vernice da ke kashe mana rediyo, wai kiɗan shaiɗan?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ai marigayiyar matar tasa ce ma ta koya masa busa. Ranar ɗaukar faifan leɓensa a fashe yake, an yi dambe a mashaya, sai ta karɓa ta busa. Ubanta fasto ne, don haka kafin su fita ta sa shi ya dafa Littafi Mai Tsarki cewa ba mai ji daga bakinsa a waje.

"In aka sa sunana, na yi mata sata. In na gaya wa Baturen, na ci amanarta." Ya lumshe ido. "Ke kuwa 'yar gida ce, kuma ba ki dafa komai ba."

Na kira motar duk da haka. Kafin su gama hawo benen ya cika.

Ran Litinin ina ɗakinsa ina naɗe hamonikokinsa cikin tawul, na riga na yanke abin da zan faɗa, sai aka ƙwanƙwasa. Ba Baturen ba ne. Wata doguwar tsohuwa ce da farar hular coci, ban taɓa ganinta ba.

"Ni ƙanwar Vernice ce, daga Memfis," ta ce. "An ce wani yana yawo yana tambayar wanda ya yi busa. Gidanmu ba a taɓa yin mabushi ba."

Ta ja kujerarsa ta zauna tana fuskantar ƙofa, jaka a kan cinya. Ƙanƙarar takalminta tana narkewa a hankali a kan dabe.