Haƙarƙarin Kaka

A ajin agajin gaggawa na sakandarensu, kan mutum-mutumin roba Auta ta koyi danna ƙirji, kuma roba ba ta karyewa. Ranar da kakanta ya yanke jiki ya faɗi, numfashinsa ya ɗauke, ta durƙusa tana dannawa yadda aka koya mata. Sai ta ji ƙas a ƙarƙashin tafinta. Ba ta tsaya ba har motar asibiti ta iso.

Haƙarƙari biyu ta karya masa. Tun da aka sallamo shi, ko tari ya yi sai ta zabura ta matso kusa da shi.

"Kaka, ka yafe mini," ta ce, kanta a ƙasa.

Ya dafe gefensa yana cije leɓe. "Amarya, kar ki ba ni dariya, da zafi. Gawa ce ba ta jin ciwo."