Gyaran Gajere

Kwana ɗaya tak mahaifin Abdullatif ya ba shi. Damina ce, gero na jiran noma a Yashe, kuma tsohon bai ga dalilin da ƙato mai gemu zai je Kankia buga ƙwallo a kwamfuta ba.

Wannan kwana ɗayan shi ya hana Zainul Abidin sukuni. Shi ne zai ɗauki bidiyon wasan abokinsa a laftof ɗinsa, a tura wa masu gasar intanet kafin Juma'a. Sharaɗinsu ɗaya ne: bidiyo ya tafi sumul, in ya yi tsalle an fitar da mutum. Shi kuwa faifan ajiyar laftof ɗin ya tsufa, da an fara ɗauka sai ya riƙa ƙas-ƙas, hoto ya tsaya, ya zabura.

Ya sa aka taho masa da sabon faifai mai sauri daga Kano, wanda ake kira SSD, ya kai wa Gajere mai gyara a bakin titi. Gajere mutumin kirki ne, kirkin da wani lokaci yakan yi yawa.

"Ka cire tsohon gaba ɗaya," in ji Zainul.

"Kada ka damu, malam. Je ka dawo."

Ranar Laraba da hantsi Abdullatif ya zauna, ya yi wasan da bai taɓa yin irinsa ba. Zainul na gefe, ya kasa kunne ga laftof ɗin. Sau biyu ya ji kamar ƙas-ƙas ɗin nan. Ya ce wa kansa fanka ce.

Ci huɗu Abdullatif ya zura. Bai ko tsaya kallo ba, ya ruga tasha don kada motar Yashe ta bar shi.

Zainul ya buɗe bidiyon. A ci na farko hoto ya tsaya cak. Da ya motsa, har an mayar da ƙwallo tsakiya.

Ya ɗauki laftof ɗin, ya nufi wurin Gajere.

"Mi ka yi mani cikin na'urar ga?"

Gajere ya washe baki. "Ashe ka gani. Gyara na yi ma. Ko mai awon gero yana ƙara ma mutum ɗan wani abu. Tsohon faifan da sauran ƙarfinai, ya za a yi in yar? Na maida shi gurbin da ake sa faifan sidi, na bar bidiyoyinka su riƙa sauka can yadda suka saba, kada su cika ma sabon."

Wayar Zainul ta yi ƙara, Abdullatif ne, muryarsa cike da murna da ƙugin mota.

"Ka tura? Baba ya ce in na ci, ya yarda ba shashanci ni ke ba."

Zainul ya dubi Gajere, wanda har yanzu ke jiran godiya.

"Abdullatif," ya ce a hankali, "bidiyon ya yi tsalle. Gobe ni zan zo in riƙe ma fartanya, kai ka dawo ka sake wasan. In ka isa, ba ni Baba mu yi magana."