Yawon Lissafin Fa'izu

Fa'izu ɗan Alhaji Ishaku ne, dillalin shanu a kara, wato kasuwar dabbobi ta Talata Mafara. Tun yana sakandare ya gama sanar da unguwa cewa injiniya zai zama, har ya sayi farar hular kwano irin ta masu duba gini ya rataye a ɗakinsa. Da sakamakon jarrabawa ya fito, lissafi ya kayar da shi. Jami'ar da yake so ta ce ya je wata kwaleji ya yi lissafin share fage kashi biyu: na farko mai sauƙi, da na biyu wanda karatun injiniya ya dogara a kansa. In ya kawo shaidar cin duka biyun, a ɗauke shi.

Ya shiga wata kwaleji a nan Mafara yana yatsina, kamar an sa shi cin tuwon jiya ba ɗumame. Kashi na farko ya tsallake da jan ciki. Na biyu kuwa Malam Ɗan Juma ke koyar da shi, wani siririn dattijo da ba ya karɓar gaisuwar da ta zo cikin leda. A gwajin farko Fa'izu ya sami makin da ya sa ya ninke takardar ya cusa cikin safa.

"Baba, wanga malami bai son ɗiyan masu hali," in ji shi da ya koma gida. "Hassada ce tsagwaronta. An ce Bakura akwai malamai na ƙwarai."

Alhaji Ishaku bai yi boko ba, kuma yana jin nauyin a ce ya tauye ɗansa. Ya saya masa babur.

A kwalejin Bakura ya tarar da darussan lissafi iri biyu. Ya tambayi ɗalibai wanne ne ba a faɗuwa, suka nuna masa wanda ake kira Lissafin Aikin Gona, ya rubuta sunansa. Ranar farko da malami ya fara rubutu a allo, Fa'izu ya gane abin. Shi ne dai kashi na farko da ya yi bara, sai dai an sa buhunan taki da kadada a cikin tambayoyin. Ya gyara zama, ya miƙe ƙafa.

Akwai wata Hamdiyya 'yar Birnin Tudu, wadda suka yi ajin bara tare a Mafara, ta dawo Bakura don ta fi kusa da gida. Ita kashi na biyu take yi, kullum idonta ja saboda karatu. Wata rana ta ga littafinsa a kan benci, ta buɗe.

"Fa'izu, ai wanga shi muka yi bara. Suna kaɗai aka sake."

"Ke mi kika sani?" ya ce, yana karɓe littafin. "Jami'a takardu take ƙirgawa. Ki tsaya nan kina wahala, mu mun san hanya."

Ta koma kan karatunta. A ƙarshen shekara ta ci nata da matsakaicin maki ta wuce jami'a. Shi ya ci nasa da maki mai kyau, ya ɗauki hoton takardar ya tura wa duk wanda ke cikin wayarsa, har da mai wankin babur.

Sai kuma ya ji tsoro. Ya san in ya tafi da takardu biyu, wani mai ido zai iya lura. Maimakon ya zauna ya yi kashi na biyu, dabarar da ta zo masa ita ce ya ƙara ta uku, don yawa ya rufe ido. Ya ce wa mahaifinsa ruwan Bakura bai karɓe shi ba, ya koma wata ƙaramar kwaleji a Maradun, inda ake kiran darasin Tushen Lissafi.

A Maradun ne ya zama sarki. Malami bai gama rubuta tambaya ba ya ɗaga hannu. 'Yan ajin, yawancinsu yaran Dosara da ƙauyukan kusa waɗanda karon farko ke nan suke ganin abin, suna biye da shi suna kiransa Farfesa. Yakan zauna bisa babur ya yi musu bayani yana tsaki, yana cewa kawunansu sun yi tauri. Ko sau ɗaya bai gaya musu karo na uku ke nan yake zagaya wannan gonar ba. Ya fito na ɗaya a aji.

Ranar da zai kai takardunsa jami'a ya sa shadda sabuwa. Kafin ya fita ya ce wa mahaifiyarsa, Hajiya Lantana, a shirya walima, don da takardar shiga zai dawo. Alhaji ya sa aka yanka rago.

Wadda ke tantance ɗalibai a sashen injiniya wata malama ce mai suna Dakta Mardiya. Suka gaisa, ta karɓi takardun ta jera a tebur. Ta karanta bayanin abin da kowane darasi ya ƙunsa, ta sake karantawa, sannan ta cire tabarau.

"Malam Fa'izu, ina kashi na biyu?"

"Ga su nan, ranki ya daɗe. Har uku."

"Abu guda ka karanta sau uku."

"A'a, sunayen daban ne."

"Na ga sunayen." Ta miƙa masa alƙalami da farar takarda, ta rubuta tambaya ɗaya daga farkon kashi na biyu. "Ka ce na ɗaya ka zo a ajinku. Bismillah."

Ya dubi tambayar. Ya kwafe ta a ƙasa da kyakkyawan rubutu, ya ja layi, ya tsaya. Fanka na juyawa, gumi na bin wuyan shaddarsa. Da ta ga abin ya ishe shi, ta tattara takardun ta tura masa.

"Je ka yi kashi na biyu, a ko'ina ka ga dama. Ka turo mini na bayanka."

A cikin motar haya, sun wuce rabin hanya, ya kira mahaifiyarsa don ya ce a dakata da girkin. Kafin ya buɗe baki ta ce ya yi sauri, baƙi sun cika gida, har kawunsa ya zo daga Morai. Ya ce to, yana hanya.

Ya tarar da tabarmi shimfiɗe har waje, abokan Alhaji na kara sun zauna. Aka yi ta miƙa masa hannu ana yi masa barka, yana amsawa da murmushi.

"To, yaushe za a fara karatun?" kawunsa ya tambaya.

"Sun yaba ƙwarai," in ji Fa'izu. "Sun ce in ɗan huta tukuna, bayan Sallah za su kira."

Aka ce masha Allah. Ya wanke hannu, ya jawo tire gabansa, ya aika a gaya wa masu rabo a ƙaro masa hanta.