Sanyin Motar Baba

Tun da mantuwa ta kama Baba, wuri ɗaya yake samun natsuwa: cikin tsohuwar motarsa. A ɗaki sai ya yi ta tsigar zanin gado yana tambayar wa ya kawo shi gidan mutane. Amma da autarsa ta zaunar da shi a kujerar direba a ƙofar gida, ta tada inji, ta kunna esi mai sanyaya motar, sai ka ga kafaɗunsa sun sauka. Ya dafa sitiyari, motar tana tsaye, ya waigo ya ce, "Auta, kin ci abinci kuwa?" Nan kaɗai yake gane ta.

Da zafi ya tsananta, esin ya koma hura iska mai ɗumi. Ta ja motar zuwa wurin mai gyara, wani dattijo da ke aiki a rumfar kwano tsakanin tarin tayoyi. Ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya ja tsaki.

"Malama, irin gas ɗin esin motar nan an daina yin sa tun kina goye."

"Babu wani da za a sa?"

"Akwai na zamani. Sai dai robobinta sun bushe, ta nan zai tsere. Kuma ba ya shiri da man da ke cikin kwamfuresa, injin da ke tura gas ɗin. Gyaran gaskiya shi ne a sauya komai, kayan kuwa ko a bola ba na ganinsu."

"Don Allah, Malam, sa mata haka nan."

Ya zuƙe ragowar tsohon gas ɗin, ya jona tiyo, ya ɗura sabon. Ta kara tafin hannunta a bakin esin, ta ji sanyi ya ratsa yatsunta.

A kwanakin da suka biyo baya Baba har labari ya ba ta, na ranar da mahaifiyarta ta koyi tuƙi ta ture katangar maƙwabci. Suka yi dariya har da hawaye. Sai sanyin ya fara ja da baya. Ta koma aka ƙara ɗurawa, ya sake tserewa, ta sake komawa. Wata rana da azahar, suna zaune a ciki, wani abu ya yi ƙara a gaba, warin ƙonanniyar roba ya cika motar.

Mai gyara bai ko ɗauko sufana ba. "Kwamfuresa ta ƙone, 'yata. Ki yi haƙuri."

Yayanta ya kawo sabuwar motarsa mai sanyi kamar firji. Baba ya riƙe ƙofa ya ƙi shiga, yana ihu za a sace shi. Ta gwada ƙaramar fanka da kwanon ƙanƙara a tsohuwar motar. Ya zauna yana zufa, yana dube-dube, bai gane ta ba. Daga baya ko kallon motar ya daina yi.

Yanzu tayoyinta sun sace, kyanwa ta haihu a ƙarƙashinta. Auta tana nan tana yi masa wanka, tana ba shi abinci a baki. Jiya da ta gama yanke masa farce, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka, baiwar Allah. Iyayenki sun iya tarbiyya. Suna raye kuwa?"

Ta tattara farcen a tafin hannunta, ta ce, "Suna gaishe ka."