Ƙafar Hagun Gilang

Ni direban bas ne a Barking, shekara ashirin da biyu ke nan, amma a masallacinmu ba mai ce mini direba. Mai Ɗori suke cewa. Mahaifina mai ɗori ne a Ɗambatta, kakana ma haka, ni kuwa tun ina shekara tara ake sa ni danne ƙafar mutane ana ja suna ihu. Da na zo Landan, da abina na zo a yatsu. Wanda ya gurɗe a matakala, wanda kafaɗa ta goce masa, bayan sallar Juma'a sai a kawo mini shi ɗakin ajiye tabarmi. Ban taɓa karɓar ko kwabo ba. Yabo nake karɓa, kuma Allah Ya sani ina son sa fiye da kima.

Bana zan tafi aikin hajji. Kun san yadda muke yi, mutum ba ya kama hanya sai ya bi jama'a ya nemi yafiya. Na bi kowa. Har maƙwabcin da muka yi shekara uku muna gaba a kan kwandon sharar ƙaramar hukuma na ƙwanƙwasa wa ƙofa. Matata Sakinatu tana ta tsiya, wai saura in roƙi gafarar fasinjoji. Na yi dariya don ta ƙyale ni. Ita ba ta san saura mutum ɗaya ba, kuma shi kaɗai ne na zalunta da gaske.

Sunansa Gilang, ɗan ƙasar Indonesiya, ɗan ƙwallo mai buga gaba. Shekara tara da suka wuce wani kulob na gabashin Landan ya gayyato shi gwajin mako shida. Shekararsa ashirin da biyu a lokacin, ya ci ƙwallo goma sha tara a kaka ɗaya a ƙasarsu, mutanen garinsu suka rako shi filin jirgi a kan babura. Siriri ne, ga kunya. Yana zuwa Juma'a wurinmu da wani zane mai gida-gida a ɗaure a ƙugu, yara suna ta kallonsa.

Wata Juma'a Wahabu, mutumin Kumasi mai shara a masallacin, ya shigo da shi yana ɗingishi.

"Mai Ɗori, ƙafan shi ya kumbura," in ji Wahabu. "Gobe ne wasan gwajin, guda ɗaya tak. In ya buga za a ba shi kwantiragi. In likitan kulob ya gani, gida za a mai da shi. Ka duba shi don Allah."

Mutane suka cika ɗakin, wasu na leƙe ta ƙofa. Wani yana ba da labarin yadda na tayar da surukinsa a kwana biyu. Na zauna, na ɗora ƙafar hagun Gilang a cinyata, na shafa man kaɗanya, na bi ƙashin ƙwaurin da babban yatsa daga gwiwa zuwa ƙasa. Kamar yatsa huɗu kafin idon sawu na ji ta. Tsaga ce, siririya, irin wadda ke jikin kofin shayi tun bai rabe ba.

Ba kuskure na yi ba, kada wani ya yi mini uzuri. Na sake bi, na sake jin ta. Dokar mahaifina guda ce a kan wannan: in yatsa ya ji tsaga, kwana arba'in ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ko ɗan uban waye. Na ɗago kai. Ga Gilang ya zuba mini ido. Ga mutum wajen ashirin suna jiran su ga abin mamaki.

"Pak," ya ce da Turanci. Haka suke ce wa babba a ƙasarsu. "Zan iya bugawa?"

Na ce, "Targaɗe ne. Gobe za ka yi gudu."

Ɗakin ya ɗauki kabbara. Na gasa ƙafar da ruwan zafi, na naɗe ta tam, na tofa addu'a. Ya kama hannuna ya kai goshinsa. A raina ina cewa ai minti casa'in ne kacal, ƙashin saurayi ne, zai jure. Tir da wannan tunani.

Washegari da rana na je filin. Ana ta yayyafi, 'yan kallo ba su kai ɗari biyu ba. Wallahi ya taka leda! Sau biyu ya yanke masu tsaron baya, sau ɗaya ƙwallonsa ta daki ƙarfen raga. A minti na ashirin da uku wani dogon Bature mai tsaron baya ya zo ya sa masa ƙafa. Taɗiya ce irin wadda ake yi sau goma a kowane wasa a tashi a kakkaɓe wando. Amma daga inda nake zaune na ji ƙarar, ƙas, kamar an karya rake. Alƙalin wasa ya ɗaga wa Baturen jan kati, jama'a suna ta zaginsa, Baturen kuwa ya ɗora hannu a ka yana kuka. Ni na sulale na fita tun motar asibiti ba ta iso ba.

Tun daga ranar ƙarar nan ba ta bar ni ba. Ina tuƙi a kan hanyar Dagenham, wani abu ya fashe ƙarƙashin taya, sai ƙafata ta mutu a kan birki. Sakinatu ta karya taliya za ta zuba a tukunya, sai in tashi in bar mata kicin. Yatsan nan nawa har yau yana jin layin tsagar, ko sitiyari na riƙe. Na daina ɗori. Na ce wa mutane dokar ƙasar nan ce ta hana, suka yarda.

Na bi labarin Gilang a waya duk tsawon shekarun nan, ina sa ta fassara mini jaridun ƙasarsu. Wata goma sha ɗaya ya yi kafin ya sake taka fili. Tsohon kulob ɗinsa ya karɓe shi, ya ci ƙwallo uku, suka sallame shi. Ya faɗa rukuni na biyu, daga nan na uku, daga wannan tsibiri zuwa wancan, kulob shida a shekara biyar. Akwai hotonsa a benci ya lulluɓe kai da tawul, na fi wata ina buɗe shi. Yana shekara ashirin da tara ya ajiye takalma, ya koma koyar da 'yan makaranta. Kowace sallah sai ya turo mini saƙon barka, ni kuma in mayar da kalma biyu kamar mara mutunci.

Saƙonsa na watan jiya daban ne. An turo shi Landan kwas na masu horarwa, mako biyu, yana son ya gan ni. Na ce Allah ne Ya kawo shi.

Muka haɗu bayan la'asar a wani shagon shayi daura da tashar Barking. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Da zai zauna sai da ya miƙe ƙafar hagu can gefe, don ba ta lanƙwasuwa sosai. Ya ba ni ƙullin gahawar garinsu, ya nuna mini hoton 'ya'yansa mata biyu.

"Pak, kullum ina ba ɗalibaina labarinka," ya ce. "Minti ashirin da uku na buga a Ingila. Ba don hannunka ba, da ko ɗaya ban buga ba."

Kai! Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na ture kofin gefe.

"Gilang, zan tafi hajji, yafiya na zo nema. Ranar nan ba targaɗe ba ne. Ƙashinka a tsage yake. Na ji da yatsana, sau biyu. Da ka kwanta kwana arba'in da ya haɗe. Na sani, na yi shiru, saboda mutane suna kallona."

Murmushin bai ma gama barin fuskarsa ba. Injin gahawa yana ta huci a bayanmu, wata mata tana faɗa da ɗanta a kan biskit.

"Wato ba Baturen nan ba ne," ya ce a hankali.

"Ko bai taɓa ka ba, da ta karye."

Ya dubi ƙafar kamar ta wani ce. "Shekara takwas na yi ina ƙin mutumin nan, Pak. In na yi sujada fuskarsa nake gani. Mahaifiyata ta yi ta yi mini nasiha har ta rasu ban iya ba. Bara na gama. Na nemo lambarsa, na kira shi, na ce na yafe. Ya yi kuka, na yi kuka. Tun ranar nake samun barci." Ya ɗago ido. "Yanzu ka ce in sake daga farko."

"Don girman Allah," na ce. Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na lokacin ba.

"Yaushe jirginku?"

"Alhamis."

Ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu komai a ciki. Sannan ya dafa tebur da hannu biyu, ya jawo ƙafar, ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, bai ko ɓata fuska ba.

"Zan gwada, Pak," ya ce. "Amma ba zan gama kafin Alhamis ba."

Ya fita. Ta gilashin shagon na ga ya tsaya a bakin titi, ya jira har motoci suka ɗauke gaba ɗaya kafin ya fara tsallakawa.