Maƙalin Shanya a Kan Kwamfutar Zuhra

Layin farko siriri ne, kore, ya tsaga sikirin daga sama har ƙasa. Ranar Litinin ya zama uku. Ranar Laraba, kwana biyu kafin Zuhra ta miƙa kundin digirinta na uku, wani baƙin tabo ya tsiro a gefen hagu yana cin rubutu kamar gara.

Kwamfutar ta gado ce. A benensu na ɗalibai a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje, haka ake yi: wadda ta gama karatu za ta koma gida sai ta bar wa sabuwar zuwa tukunya, fanka da kwamfuta. Wannan ta bi hannu uku, kuma tare da ita ake miƙa ɗan maƙalin shanya na roba, wanda ake matse kusurwar sikirin da shi idan ya fara rawa.

"Matsa shi sama kaɗan, lah," in ji Anti Ummukulthum, babbar ɗakinsu, da salon maganar 'yan garin, tana buɗe shinkafar da ta yo tapau, wato ta sayo a ƙunshe. "Ni da shi na gama mastas."

"Anti, ba wanda ya taɓa buɗe ta ya duba?"

"A duba me? Tana aiki. Ke dai kin cika bincike."

Abin da ke ƙona wa Zuhra rai ke nan. Mata masu digiri bibbiyu, masu auna ƙwayar cuta a ɗakin gwaji, an bar wa maƙalin shanya amanar ilimi. Amma ita ma ba ta da bakin magana. Aikin shekara uku yana ciki, ba ta kwafe shi ko'ina ba tun azumi.

Da azahar ta hau jirgin ƙasa zuwa titin Jalan Semarak, wurin Malam Haliru, ɗalibin injiniya da ke gyara a wani lungu bayan wani kedai, wato shago. Ya jona kwamfutar da talabijin ɗinsa, hoto ya fito tas.

"Kanta lafiya, Dakta. Ciwon a sikirin yake, ko a wayarsa."

"Ban zama dakta ba tukuna."

"To mu yi sauri ki zama."

Ya ɗora ta a tebur, ya taɓa gefe, sai ta yi rangaji kamar kwano. Dariyarsa ta ɗauke. Ya duƙa ya hango madannan, tsakiyarsu ta yi tudu.

"Tana rufuwa daidai?"

"Sai na danne ta da littafi."

"Innalillahi. A kan gado kike barin ta a caji?"

Ya kwance bayan kwamfutar a hankali. Batirin ya kumbura kamar burodi, fatarsa na sheƙi, wani wari mai zaƙi-zaƙi yana tashi. Shi ne ke turo madannai, su kuma su danne gilashin duk lokacin da ta rufe.

"In na zare shi, ba lallai ta sake tashi ba," ya ce. "Kawo filas. Mu kwashe aikinki yanzu."

Lissafi ya fara hawa a talabijin. Ashirin. Arba'in da ɗaya. Sai lissafin ya tsaya. Haliru ya jawo tukunyar ƙarfe da yashi a ciki, ya ajiye kusa da ƙafarsa. Zuhra ta kai yatsa, teburin kansa ya yi ɗumi. Wani abu ya yi ƙas a ciki.

"Ja baya, Malama."

Ba ta ja ba. Saba'in. Casa'in da takwas. Da ya cika ɗari ta fizge filas ɗin, shi kuma ya zare batirin da filaya ya jefa cikin yashi. Siririn hayaƙi fari ya miƙe. Kwamfutar ba ta sake kunnuwa ba.

Ta dawo gida da filas a dunƙule cikin tafinta. A falo ta tarar da Raudatu, sabuwar ɗaliba, zaune kan katifa da wata kwamfutar gado a cinya, a jone da caji, layi kore ɗaya a sikirinta.

"Yawwa, Zuhra," in ji Anti Ummukulthum, ta miƙo hannu. "Ina maƙalin nan?"

Zuhra ta wuce ta, ta zare cajin daga bango. Ta ɗauki kwamfutar ta ɗora a tebur, ta taɓa gefe. Kwamfutar ta yi rangaji.