Wasiƙar da Ta Yi Azumi

Babur ya wuce da buhunan citta a bayansa, iskar gudunsa ta ɗage mayafin Gwaggo 'Yardada. Ta dafe bango tana salati. Na'ima, 'yar ƙaninta, ta riƙe ta har suka shiga zaure.

"Baba, ina wasiƙar nan?" in ji Na'ima.

Sati shida ke nan da mutanen layinsu a Sheshe suka ɗora wa mahaifinta, Malam Ashafa, rubuta wa hukuma, a sa musu tudun rage gudu, domin masu kai kaya kasuwar Kurmi sun mayar da layin hanyar yanke. Shekara talatin ya yi yana koyar da Turanci. Wa za a ba in ba shi ba?

Yana zaune a tabarma, ƙamus buɗe a cinyarsa.

"Saura kalma ɗaya," in ji shi. "Masu babur dai *fast* suke gudu, wannan na gama da shi. Matakin da muke so a ɗauka ne. Na sa *quick action*, sai na ji ya yi kama da maganar ɗan aji uku. *Rapid* na bunƙasar gari ne. *Swift* kuwa kamar muna ba su umarni."

"Baba, ka sa ko wacce! Wanda zai karɓa a ofis ba zai wuce layin farko ba."

"Ke da digirinki kike faɗin haka? Sunana ne fa a ƙasa. Ɗalibaina ne cike da ofishin nan."

Gwaggo ta zauna tana haki. "Wai *fas* ɗin nan, ba shi ne kika ce mini azumi ba, Na'ima?"

"Shi ne, Gwaggo. Yana nufin gudu, yana nufin azumi."

"To wasiƙar taka azumi ta ɗauka, Ashafa. Allah Ya nuna mana shan ruwanta."

Malam Ashafa ya yi dariya, ya juya shafi.

* * *

Na'ima ta rubuta tata da Hausa, ta bi gida-gida neman sa hannu. Kowa sai ya tambaya, "Malam ya gani?" Wani ya ce Hausa ba ta shiga fayil. Wani ya ce rai da ajali na Allah ne. Mutum huɗu suka sa hannu, biyu daga ciki mata. Ta dawo ta cusa takardar a ƙarƙashin katifa. Ta gaji da jin muryarta.

* * *

Ranar Talata da hantsi Gwaggo ta fita ita kaɗai sayen maganin hawan jini. Na'ima tana wanki ta ji ƙarar birki, sannan ihun mata.

Babur ne ya buge Gwaggo, ƙashin ƙugunta ya karye. Likita ya ce a shekarunta, kada su sa ran za ta ƙara takawa.

Da aka dawo da ita, Malam Ashafa ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, wasiƙar a hannunsa. Bai iya kallon 'yar'uwarsa ba. Ya daɗe yana duban gurbin da ya goge har takardar ta kusa hujewa.

"*Urgent*," ya ce a hankali. "Ita ce ta dace."

Gwaggo ta juya fuska bango. A waje wani babur ya wuce, labulen ƙofa ya ɗaga, ya sauka.